Ruwan kwata da latas ɗin lambuna

Lambuna yana bakin kogin Kubanni a Zariya, can ƙasa da Tudun Wada, gadonsa na yi wajen mahaifinmu. Duk wanda ya yi noman rani a wajen ya san cewa daga watan Fabrairu kogin sai suna. Abin da ke gangarowa yawanci ruwan kwatocin gari ne, baƙi wuluk, da kumfar omo da ledoji, wani lokaci da sheƙin baƙin mai a samansa. Shekara da shekaru ina jefa tiyon injina a ciki, kuma gaskiya latas da alayyahu suna sonsa. Ganye ya yi fāɗi, ya yi kore shar, ko buhun taki ban cika saye ba. Dillalan Sabon Gari rububin kayana suke yi.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyyar ƙasa a Samaru shi ya ɓata mini lissafi. Ya zo wata Asabar ina ban ruwa, ya tsuguna ya daɗe yana kallon bakin tiyo, sannan ya ce, "Kawu, an taɓa auna ruwan nan kuwa?" Na ce auna me, ai ana wanke ganye da gishiri kafin a ci. Ya ce gishiri da ruwan tsami na ƙwayoyin cuta ne da ƙwan tsutsa. Akwai wata guba, arsenik, wadda saiwa ke zuƙa ta shige cikin ganyen, wanki bai isa gare ta ba, dafuwa ma ba ta kashe ta. Ba ta da launi ko wari ko ɗanɗano. Tana fitowa daga wasu tsofaffin magungunan ƙwari, da maganin da ake jiƙa katako da shi, da dattin masana'antu, wani wajen kuma daga duwatsun ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinkirinta. Mutum zai yi shekara biyar ko fiye yana ci kaɗan-kaɗan kafin fata ta fara ɗigo-ɗigon baƙi, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta. Daga baya ana iya samun sankarar fata, ta mafitsara ko ta huhu. A daren nan na kunna tocila ina duba tafin hannuna, ni da nake da kantar fartanya tun ina yaro. Maiɗakina ta yi ta dariya.

Muka ɗebi ruwa a gorunan roba masu tsabta, da ƙasa daga kusurwa huɗu, da ganye, ya kai ɗakin gwaji. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar arsenik a ruwan sha maikirogiram 10 cikin lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), ta ruwan ban ruwa kuwa wadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 100 ce. Ruwana bai haura ba a ranar. Ƙasar komayen da ke bakin kwata ce ta tara, domin ruwa yana wucewa ya bar gubar a nan kowace shekara.

Nan take na ce to a haƙa rijiyar bututu, magana ta ƙare. Ya ce, "Kawu, ita ma sai an auna. A Bangaladash rijiyoyin da aka haƙa don gudun ƙazamin ruwa su suka shayar da miliyoyin mutane arsenik." Aka haƙa, aka auna, ta fito lafiya.

Komayen bakin kwata na daina sa musu ganye da karas, tumatir nake dasawa, tunda gubar ta fi zama a saiwa da ganye, kaɗan ke kaiwa ga 'ya'ya. Shinkafar da na so gwadawa a kwarin na fasa, ita ta fi kowa zuƙa saboda tana kwana cikin ruwa.

Yanzu ina sayen taki, latas ɗina kuma bai kai na maƙwabcina girma ba. Har yau tiyonsa na cikin kwata. Na yi masa bayani sau biyu, ya ce kakansa da ruwan nan ya yi noma, ya kuma haura tamanin. Makon jiya dillali ya ɗaga kwandona ya ajiye, ya ɗauki nasa.