Ƙarfen da ke cinyar Baba ya karye

Talata, bayan isha'i.

Yau aka nuna mana hoton cinyar Baba, abin da muke gudu kuma ya tabbata. Ƙarfen da aka zura masa cikin ƙashi bara waccan ya karye, daidai inda ciwon dajin ƙodarsa ya ci. Ba faɗuwa ya yi ba. Tun makon jiya yake kukan zogi idan ya taka, shekaranjiya kuwa da zai ɗago daga sujada ya kasa, sai da na tallafe shi.

Likitan ƙashi ya juyo mana da kwamfutarsa, ya ɗora kan biro a wani wuri mai duhu, ya ce, "Alhaji, nan wurin bai taɓa haɗewa ba." Ashe dajin ƙoda idan ya kai ƙashi cinye shi yake yi ta ciki, kamar azarar da gara ta shiga. Kusan mutum ɗaya cikin uku da ciwon ya bazu musu yakan taɓa musu ƙashi. Karaya ta yau da kullum, ƙarfe riƙewa kawai yake yi kafin ƙashi ya warke ya karɓi nauyinsa. A nan kuwa babu mai karɓa. Duk takun da Baba ya yi zuwa masallaci, ƙarfen ne shi kaɗai ya ɗauka, har ya gaji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa ake yawan komawa tiyata da wannan ciwo yanzu. A da, da yawa ba sa kai lokacin da ƙarfen zai gaza. Tun da aka samu magunguna irin Sunitinib da Baba yake sha, wanda Amurka ta amince da shi a 2006, mutane suka fara daɗewa. Wato tsawon ran da muka yi ta roƙa masa, shi ne ya kawo mu wannan ɗaki. Na gode wa Allah, kuma ƙirjina ya yi nauyi.

Wannan karon ba wani ƙarfen za a sake zurawa ba. So suke su yanke saman ƙashin cinyar gaba ɗaya tare da ciwon, su maye gurbinsa da na ƙarfe, su kafe shi da simintin ƙashi. Aikin ya fi na farko girma nesa ba kusa ba, amma ba ya jiran ƙashi ya haɗe. Na tambayi likitan ko gashin na'ura, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, zai wadatar. Ya ce irin wannan daji ba ya jin gashin da aka saba yadda wasu ke ji, kuma gashi ba ya ɗinke karyayyen ƙarfe.

Sai maganar jini. Dajin ƙoda cike yake da jijiyoyin jini, yana iya ɓarkewa da zuba a tsakiyar aiki. Don haka kwana ɗaya ko biyu kafin tiyata za a bi ta jijiya da siririn bututu a toshe hanyoyin da ke ba shi jini. Maganin ma sai an dakatar da shi kafin aiki da bayansa, domin yana hana rauni warkewa da wuri. Likitan bai ɓoye mana komai ba: wurin zai iya ruɓa, gaɓar za ta iya gocewa, ciwon zai iya dawowa. Na ji daɗin wannan gaskiyar, duk da ɗacinta.

Da muka dawo gida Gwaggo ta kawo maganar mai ɗori. Ban ga laifinta ba, ƙanenta ne, kuma ta sha ganin ɗori ya yi. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, babu ƙashin da za a ɗora a wurin, jan ƙafar ma illa zai ƙara." Ta yi shiru, ta goge ido da gefen mayafi.

Baba ya ce a yi. Tambayarsa ɗaya, ko zai sake sallah a tsaye. Likita ya ce yana kyautata zato, amma sujada wataƙila sai a kan kujera. Yaya zai iso gobe mu zauna kan kuɗi. Ni kuma na sa sanarwa a zauren WhatsApp na dangi, duk mai iya ba da jini ya same ni a asibiti ranar Alhamis da safe.