Godiya ga waɗanda suka tsaya mana daren da autanmu ya yi jijjiga

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya Asabar aka sallamo autanmu daga asibiti bayan kwana 5. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuto nan.

Kwana 3 ya yi yana zazzaɓi, muna ta ɗirka masa farasitamol daga kemis. Wannan sakacina ne, ba na kowa ba. Daren Litinin wajen ƙarfe 1, salatin mamansa ya tashe ni. Idanu sun kakkafe, jiki ya sandare, ga kumfa a baki. Na kira likitan da muka saba gani, waya a kashe. Asibitinsa kuwa ƙarami ne, ba ya kwana a buɗe.

Godiyata ta farko ga maƙwabciyarmu ce, tsohuwar malamar asibiti. Ta shigo ta tarar Hajiyata ta ɗauko cokali za ta cusa masa tsakanin haƙora, ƙanwata na yanka albasa. Ta karɓe cokalin a hankali, ta ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ba a sa wa mai jijjiga komai a baki, ko ruwa." Ta kwantar da shi ta gefe, ta tuɓe masa riga, sannan ta buɗe tafin hannunsa ta haska da fitilar waya. Fari fat. Ta ce da ni, "Malam, yaron nan ba jini. Kada ku ɓata lokaci a ƙananan asibitoci, ku nufi inda ke da emajansi da wurin ajiyar jini." Da ba ta faɗa ba, wallahi yawo za mu yi ta yi daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Sai mai keken layinmu, wanda na buga wa ƙofa ana tsuga ruwa. Daga Rigasa har asibitin Barau Dikko bai tambaye ni ko sisi ba. Da na miƙa masa kuɗi cewa ya yi, "Yaya, bari yaro ya tashi tukuna." Har yau ya ƙi karɓa.

Likitoci da nas-nas na sashen gaggawa na yara, Allah Ya saka da alheri. Gwaji ya nuna maleriya ce mai tsanani. Aka yi masa allurar atesunet ta jijiya nan take, aka sake bayan awa 12, aka kuma a awa na 24. Saura jini. Nasa O negatif ne, kuma mai irinsa ba ya karɓar kowane sai irin nasa. Aka gwada ni, bai yi ba.

Liman ya yi sanarwar neman jini bayan sallar asuba, ku kuma kuka yi ta turawa a WhatsApp. Kafin hantsi samari 9 sun zo, wasu ko karyawa ba su yi ba. Na mutum ɗaya ya dace, wani tela daga Tudun Wada da ban taɓa gani ba. Ina can wurin sayen magani ya bayar ya tafi, ko lambarsa bai bari ba. Don Allah duk wanda ya san shi ya haɗa mu, Hajiya ta matsa sai ta sa masa albarka da bakinta.

Yaro dai yau da safe da kansa ya nemi koko da ƙosai. Masu son zuwa dubiya, muna gida bayan la'asar.