Sabis ɗin kasuwa daban, na ɗakin kwana daban

Sana'ata awon riɗi da zoɓo. Ina saye a hannun manoma a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari, in tara, in tura wa maigidana a kasuwar Dawanau. Duk harkar a waya take tafiya. Da safe ya faɗa mini farashi, da yamma ya turo kuɗi, ni kuma sai na ga alat kafin in ce wa direba ya ɗora kaya. To mutumin da cinsa da shansa suka rataya a kan alat, a ce gidansa ba sabis, kun san halin da yake ciki.

Layin da na daɗe ina riƙewa ba wai ba ya kamawa ba ne sam. A ɗaki sanda ɗaya yake ba ni, in an yi sa'a biyu. Kira yana shiga, murya tana yankewa, saƙon banki yana zuwa ko da a makare. Intanet kuwa sai na zaga bayan gida na hau tudun da ke wajen rumbuna. Haka na yi ta lallaɓawa har aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Daga nan abin ya fara ci mini rai: kuɗi sun ƙaru, ni kuma har yanzu ina kan tudu da tsakar rana.

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari na ga wayar wani abokin sana'a. Sabis cike taf, 4G ɗare a sama, bidiyo yana tafiya ko gargada babu. Na tambayi mutanen rumfar, bakinsu ya zo ɗaya, wai wannan layin ne sarki a yankin nan. Wani yaro mai rajistar layi ya ƙara mini da cewa, "Alhaji, ba ma sai ka canja lamba ba, da lambarka za ka taho." Gaskiya ya faɗa. Tun 2013 aka ba da damar mutum ya ƙaura daga wani kamfani zuwa wani da lambarsa, kuma kyauta ne. A cike takarda, a tura kalmar PORT zuwa 3232, a ba ka sabon sim. Lambar da banki ya sani, wadda Alhaji ya sani, wadda manoma suka haddace, ita na ɗauka ɗungurungum na kai sabon gida.

Da sabon sim ɗin ya fara aiki, a kan titi lafiya lau. A ƙofar gida sanda biyu. A zaure ɗaya. Ina ɗaga labulen ɗakina, wayar ta zama allo. Ba kira, ba saƙo, ba komai. Wancan da nake rainawa aƙalla yana kawo mini alat ina kwance a kan katifata. Wannan da ake wa kirari a kasuwa ko tsakar gidana bai iya tsallakewa ba.

Abin da ba wanda ya faɗa mini a rumfar nan shi ne, in ka ƙaura, akwai wa'adin da sai ya cika kafin a bar ka ka sake ƙaura, kuma ba na kwana biyu ba ne. Ba kuma wanda ya ce mini katin da ke kan tsohon layi da datar wata da na saka ba sa bin mutum. Sun tafi ke nan. Kuma duk wannan a tsakiyar kaka, riɗi yana fitowa, lokacin da ɗan awo yake samun abin da zai ci shekara.

Ranar da ta fi ƙona mini rai, Alhaji ya turo kuɗin kaya bayan magariba. Ina gida, ban ga komai ba. Direba ya gaji da jira, ya ɗauki lodin wani ya wuce. Washegari da na fito titi saƙonni suka dinga shigowa a jere, har da kiran Alhaji.

"Kai yanzu wayarka ta zama ta ado ce? Tun jiya nake nemanka."

"Allah ya huci zuciyar Alhaji, wallahi sabis ne."

"Sabis ɗin nan dai da ka ce mini ka gyara?"

Kafin kayan su isa Dawanau farashi ya ɗan sauka, kuma kowa ya san wuyan wa faɗuwar take hawa.

Wani mai gyaran waya a Gumel ne ya warware mini zaren. Ya ce sabis ba na gari ba ne, na ƙarfe ne. Wane kamfani ne yake da eriya a kan ƙarfen da ya fi kusa da kai, kuma ina ta fuskanta? Ganin ƙarfe tsaye a bakin hanya ba ya nufin kowane layi yana kai, domin wani ƙarfen kamfanoni da yawa ne suke haɗuwa a kansa, wani kuwa ɗaya ne tal. A kasuwa kana gindin ƙarfe, dole komai ya cika. A ƙauye ragowar da ta iso ka kake samu, ita ma sai ta keta bishiyoyi, ta keta katanga, sannan ta tarar da kwano. Rufin kwano yana tare sabis sosai, kaurin ginin ƙasa ma yana cinye nasa kason. Ya ƙara da cewa zangon da kamfanoni ke watsa sabis a kai iri-iri ne: na ƙasa, irin su 800 da 900, ya fi nisan tafiya da ratsa gini, na sama kamar 1800 da 2600 ya fi gudu amma numfashinsa gajere ne. Kuma ba kowace waya ce take kama kowane zango ba. Nan na gane dalilin da ya sa ƙanena yake samun 4G a inda tawa take nuna E, alamar intanet mai tafiyar hawainiya, alhali layinmu ɗaya, muna zaune a tabarma ɗaya.

Shi ne kuma ya hana ni yarda da sandunan nan na saman waya. Kowace waya da yadda take zana nata. A cikin saitin babbar waya, wajen bayanin sim, akwai wata lamba mai alamar ɗebewa a gabanta, ita ce ainihin ƙarfin sabis. In tana wajen -85, kana cikin daula. In ta kai -100, da sauƙi. In ta haura -110, to addu'a ce ke riƙe da kiran.

Da yake wa'adin ya ɗaure ni, sai na yi amfani da zaman jiran na yi abin da ya fi komai sauƙi, wanda ko sisi ba ya ci. Layukan ƙasar nan ai sanannu ne, MTN, Airtel, Glo da 9mobile (wanda ya koma T2 a 2025), kuma ba ka rasa mai kowanne a majalisa. Na dinga aron sim ɗin maƙwabta ina sawa a tawa wayar. A tawa, ba a tasu ba. In shiga ɗakin da nake kwana, in rufe ƙofa, in duba lambar nan, in kira wani mu yi magana mai tsawo, in danna lambar bincika kuɗi, wadda yanzu *310# ce a kowane layi, in ga ko za ta amsa ko za ta tsaya tana juyi, sannan in tura hoto a WhatsApp. Lokaci ma yana da muhimmanci. Da asuba kowane layi mutumin kirki ne. Bayan isha'i, sa'ad da samarin ƙauyuka goma suka hau ƙarfe ɗaya suna kallon bidiyo, a nan ake sanin na gaske. Akwai wanda ya nuna mini sanda uku cur amma hoto ɗaya ya gagare shi.

Abin da ya fito ya ba ni dariya ya kuma ba ni haushi. A kira da saƙo, tsohon layina da na guje wa, shi ya fi kowa a ɗakin nan. A intanet kuwa wani na uku ne, wanda ko sunansa ba a ambata ba a rumfar kasuwa, shi ma sai a tagar gabas kaɗai. Gidan kawuna da ke ɗaya gefen ƙauyen labarinsu daban ne, can layin da ya kunyata ni shi ne yake musu aiki. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni wane layi ya fi kyau a Jigawa, ba na ba shi suna. Mu da ke kusa da iyaka ma akwai ƙarin abin lura, wani lokaci waya takan tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar, har a turo maka saƙon maraba kana gonarka. Gara mutum ya shiga saiti ya zaɓi layinsa da hannu.

Da wa'adi ya cika na mayar da lambata inda ta fito. Na yanki sabon sim na layi na ukun da lambar NIN ɗina, na sa shi a wata tsohuwar waya, na buga ƙusa a saman tagar gabas na rataye ta. Ita take raba wa gidan intanet, har uwargida tana samu daga madafi, caji kuma daga ɗan farantin sola. Wayar aljihuna tana nan da lambar banki. Ranar da gas ya ƙare a injin wani ƙarfen, ko hadarin damina ya ɗauke ɗaya, ɗayan yakan rage.

Kwanan baya ƙanena ya dawo daga kasuwar Gumel yana zumuɗi, wai ya ga wani layi da ke gudu kamar me, zai ƙaura da lambarsa. Na ce masa, "Ƙane, je ka ari sim ɗin, ka kwana da shi a ɗakinka tukuna. Lambar da banki ya sani kuwa kada ka kuskura ka taɓa ta, balle ana gab da kaka." Ya aro, ya kwana da shi. Har yau bai sake tayar da zancen ba.