Ba Auta ba ne

Talata, bayan isha'i.

Na so in kwanta da wuri, amma abin yana ta cin raina, gara in rubuta shi.

Tun bayan asuba na zauna zan tura sakamakon jarrabawar yaran nan, don ƙarfe 12 na rana za a rufe shafin. Na jona caja, na kunna laftof, alamar Wi-Fi ta fito cike, layukanta duka. Na buɗe Chrome, shiru. Gmail ya ƙi, Google ya ƙi, shafin makaranta ma ya ƙi, sai wani gargaɗi da Turanci wanda ban ko tsaya na karanta ba. Wayata kuwa da laftof ɗin a kan rauta ɗaya suke, wato na'urar da ke ba mu Wi-Fi, saƙonnin WhatsApp sai shigowa suke yi.

Nan take zuciyata ta tafi kan Auta, don shi na bar wa laftof ɗin jiya da daddare. Na same shi a tsakar gida yana ɗaure takalmi, abokinsa na tsaye a zaure yana jiransa, Umma na dama koko.

"Kai, me ka taɓa a kwamfutar nan jiya?"

"Wallahi Yaya ban taɓa komai ba. Ƙwallo kawai na kalla, da aka ɗauke wuta ta mutu, sai na rufe ta."

Na ce ƙarya yake yi, ya je ya kwaso mini bairos a shafukan da yake shiga, kuma daga yau kada in ƙara ganin hannunsa a kanta. Da ƙarfi na faɗa, har abokin nasa ya sunkuyar da kai. Umma ta ce, "Ka dai bi a hankali, ai ba ka tabbatar ba." Ban saurare ta ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita, kokonsa na nan a kofi bai sha ba.

Na koma ɗaki na shiga fama. Na zare rauta daga soket, na ƙirga talatin, na mayar. Na goge sunan Wi-Fi ɗin daga laftof, na sake shigar da kalmar sirri harafi bayan harafi. Na duba ko yanayin jirgin sama ne aka danna bisa kuskure, a kashe yake. Na matso da kujera dab da rauta, don tsohuwar laftof ɗin nan zangon Wi-Fi na 2.4 kaɗai take gani, ba ta san da na 5 ba, na ce ko bango ne ya tare. Na rubuta 192.168.0.1, shafin rauta ya buɗu tar, data na nan, wata bai ƙare ba. Na sauya DNS, mai nemo wa kwamfuta adireshin shafi, zuwa 8.8.8.8 na Google kamar yadda Injiniya mai gyaran kwamfuta ya taɓa nuna mini, ba sauyi. Na kunna hotsifot na waya na haɗa, nan ma haka. A nan ne jikina ya fara sanyi, don in layi biyu daban sun ba da amsa ɗaya, to ciwon yana cikin kwamfutar.

Wajen ƙarfe 11 na haƙura na kira Injiniya. Yana shago, ina jin hayaniyar titin Beirut a bayansa. Na fara zayyano masa duk abin da na yi, ya katse ni.

"Malam, dubi ƙasa ta hannun dama. Wace rana take nunawa?"

Na duba. 1 ga Janairu, 2015, ƙarfe 3 da 'yan mintuna na dare.

Ya ce shi ke nan, ciwon ke nan. Wai a jikin fanel, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, akwai ɗan ƙaramin batir mai kamar kwabo, CR2032, irin wanda ake sa wa makullin mota. Aikinsa ya riƙe agogo sa'ad da kwamfutar take a kashe. Nawa ya ƙare, babban batirin kuma tun bara ya daina riƙe caji, don haka da wuta ta tafi agogo ya koma ranar da masu ƙera ta suka saita mata. Su kuma shafukan da adireshinsu ya fara da https kowanne yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Burauza, irin su Chrome, tana gwada ranakun nan da agogon kwamfuta. In ta ga tana 2015, shaidar kuma ta bana ce, sai ta ɗauka akwai maguɗi, ta ƙi buɗewa. Shafin rauta ya buɗu ne don shi na cikin gida ne, ba a nemi shaida a wurinsa ba.

Na gyara kwanan wata da hannu, na danna, Gmail ya faɗo kamar ba abin da ya faru. Kafin in gyara na koma na karanta gargaɗin nan na safe. Ƙarara ya rubuta cewa agogona yana baya. Awa biyar yana gabana.

Sakamako ya tafi 11:25. Alhamdulillahi.

Rana shinkafa da wake. Na ɗan runtsa. Yaya Babba ta kira kan maganar ankon biki, na ce sai ƙarshen wata. Hadari ya haɗu ta gabas ya watse ba ko ɗigo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yaron nan ya faɗa mini ainihin dalilin da bakinsa. "Da aka ɗauke wuta ta mutu." Gaskiyar magana ke nan daga farko har ƙarshe, ni kuma na kira shi maƙaryaci a gaban abokinsa. Shekararsa 13. Na tuna lokacin da aka yi mini irin haka a kan rediyon Baba, har yau ban manta a inda nake tsaye ba.

Da ya dawo daga Islamiyya na kira shi ɗaki, na nuna masa agogon, na yi masa bayanin batirin, na ce, "Auta, ba laifinka ba ne, ni na yi gaggawa. Ka yi haƙuri." Ya ce, "Ba komai Yaya." Idonsa na kan tabarma. Na ce ya ɗauka ya kalli ƙwallonsa, ya ce yana da aikin gida.

Umma ba ta ce mini komai ba, ta dai dube ni da ta zo ɗaukar kwanuka.

Gobe in Allah ya kai mu zan bi ta wurin Injiniya a sa sabon batirin, kuma zan roƙi Umma ta bar Auta ya raka ni bayan an tashi daga makaranta, ya ga yadda ake buɗe ta. Na ajiye laftof ɗin a kan teburin falo tun magariba, a kunne. Yanzu na leƙa, tana nan yadda na bar ta.