Takardar saki ba ta raba ki da banki

Ƙannena, ku da kuka fara ɗaukar albashi kuna shirin haɗa kuɗi da maigida ku yi muhalli, da ku nake. Haɗin ba laifi ba ne, ni ma ba shi nake nadama ba. Yadda na yi da aka zo rabuwa, shi ne abin da ya ci ni.

Ni malamar makaranta ce a Yamai. Muna shekara shida da aure muka sayi fili can wajen Saga, sunanmu mu biyu a takarda, har muka yi ɗawainiya aka fitar mana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma. Da aka zo neman bashin gini, banki ya dubi mai albashin gwamnati, wato ni, domin baban yara ɗan kasuwa ne a Katako. Dukanmu muka sa hannu, aka jinginar da gidan, amma daga albashina ake yanka kowane ƙarshen wata, shi kuma ya miƙo mini rabinsa a hannu.

Ranar da aure ya mutu, ko kwana ban yi ba na kwashe yara na tafi gidan baffana. Alƙur'ani, a farkon Suratuɗ Ɗalaƙ, ya ce kada a fitar da mace daga ɗakinta cikin idda, ita ma kada ta fita. Zuciya ce ta fitar da ni. Wannan lokacin kuwa shi ne da za a zauna a yi lissafi tun kowa na jin nauyin kowa.

An dai yi zama daga baya. Gaban baffa da nasa yayyen, baban yara ya ce: "Gida ni zan riƙe saboda yara, bashi kuma daga yau wuyana yake." Baffa ya dube ni ya ce: "Ɗiyata, kin ji, kin yarda?" Na sunkuyar da kai na ce na yarda. Aka shafa Fatiha, ba wanda ya ɗauki alƙalami. Na so in ce a rubuta, kunya ta hana ni, kada a ce na ƙaryata mutum gaban manya. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ina karanta ta tun ina yarinya, ranar da nake bukatarta na yi shiru.

Wata huɗu ya biya, kasuwa ta juya masa baya, ya daina. Ba na ce mugunta ce ba. Amma ni ga hayar ɗaki biyu a Talaje, ga yankan banki na gidan da ba na kwana ciki. Na ɗauki takardar saki na kai banki, ina zaton za a cire sunana. Ma'aikacin ya karanta, ya mayar mini da ita cikin ladabi, ya ce: "Malama, wannan tsakaninki da shi ne. Tsakaninki da mu, ga abin da kika sa wa hannu." A nan na fahimci cewa mun ɗauki bashin ne bisa sharaɗin kowannenmu na iya ɗaukar dukansa. Banki ba ruwansa da rabi da rabi, wanda ya fi sauƙin kamawa shi yake bi. In kuma biya ya tsaya, dokokin kasuwanci na OHADA, na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, da Nijar ke aiki da su sun ba shi damar bi ta kotu a yi gwanjon gidan, kuma kun san kayan gwanjo ba su cika yin daraja ba.

Sai maganar wa ya zuba nawa. Ƙasarmu ba ta da kundin dokar iyali guda; a sha'anin aure da saki alƙali kan bi al'adar masu ƙara, tare da masu ba shi shawara kan al'ada. A Musulunci kuwa dukiyar mace tata ce, ta miji tasa. Wannan gata ne, amma sai kin iya nuna abin da yake naki. Zinarin aurena na sayar aka yi rufi. Adashi biyu na kwasa aka sayi siminti da ƙarfe. Duk resi da sunansa aka rubuta, tunda shi ke zuwa kanti. Ban ajiye ko guda ba.

Shekara biyu na ɓata ina jiran ya gyara, ina aika baffa, ina kuka a ɓoye. Da na je wurin noter, wato masanin doka mai izinin hukuma na rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, hanyoyin da ya shimfiɗa mana ba su da yawa. Ko ɗaya ya sayi rabon ɗaya, ko a ba da gidan haya kuɗin ya riƙa shiga banki, ko a sayar. Baban yara ya so ya riƙe, amma fitar da sunana sai da yardar banki, banki kuwa bai ga albashin da zai maye nawa ba. Haya kuma na nufin mu ci gaba da haɗa aljihu shekara da shekaru, abin da ba mu iya ba. Muka kawo masani ya yi wa gidan kuɗi, muka sayar. Kuɗin hannun noter suka shiga, ba hannun ɗayanmu ba. Ya biya sauran bashi, banki ya ba da takardar ɗage jingina, aka cire kuɗin aiki, sannan aka raba saura. Watannin da na biya ni kaɗai an lissafa mini su, don takardun asusuna sun nuna su ɗaya bayan ɗaya. Zinari da adashi kuwa sun tafi.

In kina cikin irin wannan hali yanzu, gobe da safe ki je banki ki nemi kwafin yarjejeniyar da jadawalin abin da ya rage. Duk zaman da za a yi gaban manya, ki tafi da takarda da biro, ki roƙi baffanki shi ya ce a rubuta in bakinki ya yi nauyi, sannan a kai rubutun wurin noter tun kafin ki miƙa makulli.