Na Karanta Littafin Ta Gaba, Ashe Gaskiyar Tana Ta Baya

Har yau littafin yana cikin durowata. Mai shuɗin bango ne, gefensa ya yi daƙal-daƙal da gumi da ƙurar fili. Sau biyu ina cewa zan mayar wa mai shi, sau biyu ina fasawa.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Birnin Kebbi, da yamma kuma ina horar da 'yan tsere su 14, masu gudun mita 400 da 800 da 1500. Kayan aikinmu ba su wuce filin makaranta da muka auna muka ja layi da toka ba, sai agogon wayata da jarkar ruwa. In an yi sa'a mu samu shiga filin wasa na Haliru Abdu, ran nan yara kamar an yi musu Sallah.

Da hunturu abin ya faɗo mini, bayan na karanta labarin Eliud Kipchoge, ɗan Kenyan nan da ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 2019. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin yana rubuta atisayensa da hannu a littafi, shekara da shekaru. Na ce to, mu ba mu da takalmansa, ba mu da tsaunukan ƙasarsu, amma littafi da biro ai ba su fi ƙarfinmu ba. Na sayo 14 daga albashina na raba.

Shafin farko na buri ne. Ran da suka kawo na sha dariya. Wannan yana son ya zama zakaran duniya, wancan yana son ya je Turai, wani ma ya rubuta yana son ya zama Osimhen, alhali gudu muke yi ba ƙwallo ba. Na mayar musu na ce kowa ya kawo mini lamba da rana. Tun 1968 Edwin Locke, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya nuna cewa mutumin da aka ba buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi ƙoƙari a kan wanda aka ce wa kawai ya yi iya yinsa. Na kuma kawo musu misalin Tobi Amusan, 'yar tseren Najeriya: tarihin da ta kafa a Amurka a 2022 lamba ce, sakan 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100. Agogo bai san "ina so" ba.

Wannan ɓangaren ya tafi daidai, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Wanda ya fi kowa fahimta wani dogon yaro ne, siriri, marar yawan magana, ɗan wani manomin shinkafa da ke noman rani a fadamar Dukku. A Disamba yana yin mita 800 cikin minti 2 da sakan 21. Ya rubuta 2:10 kafin ƙarshen Yuli, ya raba da kansa: zagaye biyu, kowanne sakan 65. Harinmu shi ne ya shiga cikin waɗanda za a ɗauka zuwa Gasar Matasa ta Ƙasa a Asaba. Gasar ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa ce, shi kuma yana cikin ta 15 ɗin. Shekarar nan kaɗai gare shi.

Kullum abu huɗu suke rubutawa: atisayen da aka yi, yadda wahalarsa ta kai daga 1 zuwa 10, awa nawa suka yi barci, da kuma ko akwai inda ke ciwo. Tsarin ba shi da laifi. Laifin yana ga abin da na riƙa yi da shi ranar Asabar.

Duk Asabar da safe sai in tara su ƙarƙashin darbejiya, in karɓe littattafan, in riƙa karantawa da ƙarfi kowa yana ji. A ganina zaburarwa ce. Wata rana na buɗe na wani ƙaramin yaro, na ga ya rubuta: "Na gaji ƙwarai, gwiwata tana ciwo." Na ɗaga littafin sama na ce, "Jama'a, ga tsoho a cikinmu, a nemo masa sanda!" Fili ya ɗauki dariya. Makon nan muna da wasan sada zumunci a Jega, na ce ya zauna gida ya huta da gwiwarsa. Hutun ba laifi ba ne, amma ga yara ba hutu suka gani ba. Sun ga an rubuta gaskiya, an yi wa mai ita dariya, an kuma hana shi hawa mota. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Daga ranar littattafai 14 suka warke sarai. Ciwo: babu. Barci: awa 8. Kowa, kullum. Ni kuwa har da yi wa abokan aikina alfahari a ɗakin malamai cewa yarana ƙarfe ne. Yaron da ke tashi sahur, ya je makarantar allo da asuba, ya je boko, ya taya aikin gida, shi ne zai riƙa samun barcin awa 8 cif har wata biyu? Ko wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni.

Azumi ya zo a tsakiyar bazara, zafi yana haura digiri 40, dole na rage atisaye zuwa sau uku a mako, shi ma ɗan kaɗan gab da shan ruwa. Ana gama Sallah sai gaggawa ta kama ni. Na mayar da shi kwana shida a mako lokaci guda, na ƙara gudun safe a kan kwalta ta hanyar Kalgo. Na san sarai cewa zuciya da huhu sun fi ƙashi saurin sabawa da ƙarin aiki, don har koyar da shi nake yi a aji. Amma ina duba littattafai ina ganin "babu, babu, babu", sai in ce jikinsu ya ɗauka. Shi kuwa dogon yaron nan yana ta sauka: 2:17, 2:15, 2:13. Wa zai taɓa abin da ke tafiya haka?

Na ga alamu. Wannan ne ke hana ni sakewa. Na ga yana ɗan ɗingishi a zagayen farko na ɗumama jiki, in jiki ya yi zafi sai ya miƙe. Na sha jin warin man zafi idan ya zo kusa da ni. Kambas ɗinsa ya cinye ta ƙasa har ya zama kamar faifai. Sau ɗaya na tambaye shi, a gaban sauran, ya ce, "Lahiya lau, Malam." Na buɗe littafi, littafi ya ce babu. Na ƙaryata idona na gaskata takarda.

Ƙarshen Yuni muka yi gwaji. Zagayen farko sakan 64, ina ta ihu. Yana kaiwa wajen mita 600 sai ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafar hagu, ya yi tsalle biyu da ta dama, ya zauna a kan toka. Bai yi kuka ba, kallona kawai yake yi.

An fara kai shi wurin maɗori, kamar yadda aka saba, aka ce targaɗe ne. Da kwana uku suka wuce bai iya takawa ba muka je asibiti aka ɗauki hoto. Ƙashin ƙwauri ya tsage. Likita ya sa yatsa ɗaya ya danna wurin, yaro ya zabura. Ya juyo ya yi mini bayani, da murya mai sanyi da ta fi faɗa ciwo, cewa ciwon ƙwaurin da ke bin tsawon ƙashi daban yake da wanda ya tattaru wuri guda har za ka iya rufe shi da yatsa, wanda ake ji ko ana tafiya ko ana kwance. Na biyun nan ƙashi ne ke gargaɗi. Ya ce irin wannan tsagewar ba faɗuwa ke kawo ta ba, maimaita duka ne a wuri ɗaya ba hutu, kuma a makonnin farko sau da yawa ko hoto ba ya nuna ta, sai dai bakin mai ciwon. Sannan ya tambayi yaron tun yaushe.

"Mako bakwai," in ji shi.

Wata uku ba gudu. Asaba ta tafi ke nan, kuma badi ya wuce shekarun. A bakin asibiti mahaifinsa bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, yaron ga amana na ba ka." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A raina dai ina ta kare kaina. Ai shi ya ɓoye, ga littafinsa shaida. Littafin yana cikin jakata tun ranar gwaji. Da daddare 'yata, da ke zuwa Islamiyya, ta ɗauko shi tana wasa, ta buɗe shi ta dama kamar yadda suke buɗe littattafansu. Sai na ji ta ce, "Baba, wa ya rubuta ajami a nan?"

Shafi goma sha ɗaya, daga bangon baya zuwa ciki, da fensir. Na iya karatun ajami tun ina makarantar allo, amma wata shida ina riƙe da littafin nan duk Asabar ban taɓa juya shi ba. "Yau ƙafa ta hana ni barci." "Na ɗauko buhu 9 daga fadama zuwa bakin hanya, sannan na je gudu." "Wurin ya kumbura kaɗan." Sai wani layi da na karanta ban san sau nawa ba: "Kada Malam ya gani, zai karanta wa mutane."

Ashe yaron ya fi ni sanin amfanin littafin. Ya rubuta komai, ranar da ciwon ya fara, ranar da ya koma wuri guda, har da girbin shinkafar rani da ya faɗo daidai lokacin da na ninka atisaye, wanda ni ban taɓa sa shi a lissafi ba. A wurina aikin jiki shi ne abin da aka yi a filina, kamar ɗaukar buhu a ka cikin laka hutu ne. Duk abin da nake buƙata don in tsayar da shi tun mako na biyu yana hannuna. Ni na koya masa ya ɓoye mini.

Yanzu ba na karanta littafin kowa a gaban kowa, ko da yabo ne. Littafin na yaro ne. Ranar Asabar kowa ya zo shi kaɗai, mu zauna a kan benci minti biyar, shi zai buɗe ya nuna mini inda ya ga dama. Na ƙara layi na biyar: wane aiki ka yi yau ban da gudu? Gona, ɗiban ruwa, tallan da ake yawo da shi, tafiya ƙasa daga Badariya zuwa makaranta, duk a rubuta. Idan yaro ya ce ƙafa tana ciwo, abu na farko da nake cewa shi ne ya nuna mini da yatsa. In yatsa ɗaya ya rufe wurin, ba gudu sai an duba. Kuma yana shiga mota ya bi mu duk inda za mu je, ya riƙe agogo ko jarka. Wannan shiga motar, wallahi, ta fi duk wani wa'azi da na yi musu a kan faɗin gaskiya aiki.

Burin ma na sake masa zama. Lamba da rana suna nan, ban janye ba, amma da fensir ake rubuta su yanzu, kuma duk ƙarshen wata muna dubawa. Na gane cewa 2:10 ɗin nan da ya rubuta da biro, ni kuma na riƙa tuna masa da ita a gaban jama'a, ta zama kamar bashi a wuyansa. Ƙarƙashin lambar kowa yana rubuta abu ɗaya da ke hannunsa a wannan makon, kamar kwanciya kafin ƙarfe goma ko kada ya wuce sakan 68 a zagayen farko. Bayan azumi kuwa, ko gobe ne gasa, sannu-sannu muke hawa.

Ƙaramin nan mai gwiwa na same shi har gida na ba shi haƙuri. Kunya ta kama shi ya fi ni, yana ta cewa ba komai, Malam. Amma sai da aka yi wata biyu kafin ya sake rubuta kalmar ciwo a littafinsa.

Dogon ya dawo fili da hunturun nan. Makon jiya ya yi 2:19, ya zo ya zauna a benci da sabon littafi. Na tambaye shi ta ina zan buɗe, ta gaba ko ta baya. Ya yi murmushi, ya karɓe shi daga hannuna, ya buɗe da kansa.