Farin garin da ke cin alminiyam a jikin keke

Abin da aikin gyaran keke ke fara koya wa mutum shi ne alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfe. Nasa ciwon farin gari ne kamar toka, da ƙananan ramuka a ƙarƙashi. Kekunan fadamun shinkafa na Argungu da Suru na shan wannan wahala, domin ga ratsa ruwa da damina, ga buhun takin zamani a baya, ga gishirin gumi a hannun keke.

Ɓarnar ta fi tsanani inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, danshi ya shiga tsakani, kamar sandar sirdi ta alminiyam cikin bututun keke na ƙarfe da ramukan wayoyi a jikin rim. Alminiyam ɗin ne ke cinyewa, garin da yake fitarwa kuma ya fi shi cin wuri, shi ya sa sandar ke cijewa. A nan da yawa ke kuskure, su sa mata wuta. Alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, sai ta ƙara matsewa. Abin yi shi ne a riƙa ɗiga kananzir a bakin bututun kwana 2 ko 3, sannan a kama ta a murɗa sannu a hankali.

Wajen gogewa, a fara wankewa da sabulu. A shafa ruwan lemun tsami da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a bar shi minti 10, a ɗauraye sosai. Sai samfefa jiƙaƙƙiya, lamba 400, sannan 800, a gama da 1200. Burushin ƙarfe ba ya shiga wannan aikin, don yana barin ɓurɓushinsa a jiki, ciwon ya dawo. Sodar haɗa sabulu kuwa narkar da alminiyam take yi.

Idan wurin ya bushe, a shafa giris kaɗan a sandar sirdi da notuna, a sabunta kafin damina da bayanta. Wuraren da ke fili a yi musu fenti. Gefen rim da birki ke kamawa dai, ko ɗigon mai kada ya taɓa shi.

In an ga tsaga a hannun keke ko a bakin ramin waya, gogewa ba za ta yi magani ba. Walda ma tana rage wa alminiyam ƙarfi a wurin da ya sha zafi, yakan kuma karye ne farat ɗaya, mutum na kan gudu. A canza shi kawai.